Yadda Ake Shiga Binciken Koyo da Tunawar Jarirai

Jaririn wata uku ba ya magana, ba ya ko nuni da yatsa, amma masana sun daɗe da gano hanyar tambayarsa abin da ya riƙe. Tun ƙarshen shekarun 1960 Carolyn Rovee-Collier, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ta fito da wata dabara. Sai ta ɗaura siririn ƙyalle a idon sawun jariri, ɗaya bakin kuma a jikin abin wasan da ke reto a saman gadonsa. Yana shura ƙafa, abin na motsi. Cikin 'yan mintuna yaro ya gane, ya dage da shuri. Bayan kwanaki sai a dawo da abin wasan, ba a haɗa shi da ƙafar ba. In ya hau shuri, ya tuna ke nan. Da haka aka gano ɗan wata biyu kan riƙe darasin kwana ɗaya zuwa biyu, ɗan wata uku kamar mako guda, ɗan wata shida kuwa mako biyu.

Wannan ilimi bai samu ba sai da wasu iyaye suka yarda aka yi bincike kan 'ya'yansu. Ga yadda abin ke tafiya a ɗakunan bincike irin Babylab na Kwalejin Birkbeck da ke Landan.

Farko rajista ce. Za ku ba da ranar haihuwar yaro, ku faɗi ko bakwaini ne, ko yana da larurar ji ko gani, da harsunan da yake ji a gida. Kada ku ɓoye Hausa ko wani harshe don kuna ganin Turanci ake nema, domin yaron da ke tashi da harshe biyu abin nema ne a wasu binciken. Daga nan sai jira. Kowane bincike da watannin da yake so, wani ma tazarar 'yan makonni ce, saboda a wannan lokaci yaro na sauyawa da sauri. In watanninsa suka dace, za a kira ku.

Wajen tsayar da lokaci, ku zaɓi sa'ar da yaro ya tashi daga barci ya kuma sha nono. Jariri mai jin yunwa ko barci ba abin da zai kalla.

Kuna isa za a zauna da ku a yi bayanin abin da za a yi, a miƙo takardar amincewa. A nan nake so a tsaya a natsu. Ku tambayi wa zai ga bidiyon yaronku, ina za a ajiye shi, har zuwa yaushe, kuma wane kwamitin kula da ƙa'idojin bincike ne ya amince da aikin. Kuna da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci, ba sai kun kawo dalili ba. Mai binciken da ya ji haushin waɗannan tambayoyi bai cancanci a ba shi yaro ba.

Sai a shiga ɗakin gwaji, ƙaramin ɗaki mai ƙarancin haske. Uwa ta zauna, yaro a cinyarta, suna fuskantar allon talabijin. Akwai kyamara, sau da yawa har da na'urar da ke bin ƙwayar idonsa. Za a riƙa nuna masa hoto guda ana maimaitawa har ya gundura ya fara kau da kai, sannan a kawo sabo. In ya fi ƙura wa sabon ido, alama ce ya tuna tsohon. Wani lokaci kuma hula ake sa masa: wata na ɗaukar motsin lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da kanta, wata na amfani da haske mara cutarwa don auna gudanar jini. Babu allura, babu zafi. Irin wannan hula mai haske ce masu wani aikin bincike mai suna BRIGHT suka sa wa jarirai a Keneba ta ƙasar Gambiya, suna kwatanta su da na Kambirij a Ingila.

Aikin uwa a ɗakin nan shi ne mafi wuya, wato ta yi shiru. Ba nuni, ba "kalli can", ba jijjiga shi idan sabon hoto ya fito. Shi ya sa ake cewa ta rufe ido, ko a ba ta baƙin tabarau, ko a sa mata abin saurare a kunne. Jariri na karanta jikin mahaifiyarsa, ɗan motsin cinya ma ya isa ya karkatar da shi. Uwar da ta taimaki ɗanta don ya burge, ta ɓata aikin ranar ba da saninta ba.

Binciken tunawa kan buƙaci a dawo karo na biyu, kuma ranar komawar ita ce zuciyar aikin. A 1988 Andrew Meltzoff ya nuna wa 'yan wata 14 yadda yake kunna wata fitila da goshinsa, bai bari sun taɓa ba. Bayan mako guda da yawansu suka sunkuya suka kai goshi. A 2015 kuma Sabine Seehagen da abokan aikinta suka nuna wa 'yan wata 6 da 12 wasu motsi da 'yar tsana. Waɗanda suka yi barcin aƙalla minti 30 cikin awa huɗu bayan darasin su ne suka tuna. Don haka in an ce ku rubuta lokutan barcinsa, ku rubuta gaskiya, kuma kada ku maimaita masa wasan a gida.

Yaro zai iya fashewa da kuka tun ba a yi nisa ba, ko barci ya kwashe shi. Wannan ba komai, masu binciken sun saba, sun ma sa shi a lissafi. Gwajin kansa 'yan mintuna ne. A ƙarshe akan ba da 'yar riga ko littafi ko takardar shaida, wasu wuraren har da kuɗin mota.

Kada ku jira a ce muku ɗanku haziƙi ne ko akasin haka. Ba jarrabawa ba ce, ba kuma duban likita ba. Sakamakon na taron yara ne gaba ɗaya, kuma yakan daɗe kafin ya fito. Mai damuwa da girman ɗansa, asibiti zai nufa.

Wanda ke nesa da irin waɗannan ɗakuna na iya duba shafin intanet na Children Helping Science, wanda ya samo tushe a jami'ar MIT ta Amurka, inda ake yin wasu gwaje-gwajen daga gida ta kyamarar kwamfuta. Mafi yawan abin da aka rubuta kan jarirai daga yaran Turai da Amurka aka samo shi, ba daga yaron da ke wuni a goye yana jin muryoyin gida cike da mutane ba. In dama ta zo muku daga jami'a ko cibiyar da kuka tabbatar da ita, ku karanta takardar da kyau, ku yi tambayoyinku, sannan ku kai yaron.