Kafin ka zuba jan ƙarfe: wuta zai ɗauka ko gogayya?

Tun da famfunan sola suka bazu a fadamun Auyo, Kafin Hausa da Guri, maƙeran fari a Haɗejiya suka samu ƙarin ciniki: wannan ya zo neman kan batir, wancan bushin na injin ban ruwa. Wasu kuma sai su narka komai a tukunya ɗaya, su zuba wa kowa. To, Malam, nan ake yin asara.

Abin da wutar lantarki za ta bi ta cikinsa, jan ƙarfe tsantsa yake so. Ka haɗa shi da tutiya kashi 30 cikin 100, ya zama tagulla, ya yi ƙwari, amma wutar da yake iya ɗauka ta koma wajen kashi 28 cikin 100 na ta asali. Duk baƙon ƙarfen da ya narke a ciki tare wa wuta hanya yake yi, kamar yadda kachalla ke toshe mana magudanan ruwa. Sakamakon shi ne kan batir mai zafi da famfo mai kasala. Saboda haka tsofaffin kawunan famfo da kwaɗon da 'yan gwangwan suka kawo, ware su don bushin. Kan batir kuwa, nemi wayar koyil. Kankare ta da wuƙa tukuna. In ka ga fari a ciki, sanholo ne aka yi wa riga.

Yanzu zubin kansa, inda aka fi yin sakaci. Jan ƙarfe na narkewa ne a digiri 1085, kuma a wannan zafin yana zuƙar iskar da ke fita daga laima. Idan ya zo daskarewa sai ya amayar da ita, ta bar ƙananan ramuka a ciki. Daga waje sumul, ka sa zarto ka ga huda-huda. Mu da muke bakin kogi, yashinmu da lakarmu ba sa rabuwa da danshi, balle da damina. Gasa mazubinka har ya bushe ƙayau, ka ɗumama awartaki, ka rufe saman narkakken ƙarfen da busasshen gawayi. Ɗigon ruwa ɗaya a mazubi ya isa ya watso maka wuta a fuska.

Saurin hucewa ma da nasa. Wanda ya daskare da wuri, a mazubin ƙarfe, ƙwayoyinsa kan fito ƙanana, ya fi ƙwari. Wanda ya daɗe yana hucewa cikin yashi mai kauri, ƙwayoyin manya ne, ya fi rauni. Ka kuma bar rara a bakin mazubi, domin ƙarfe na tsukewa yayin daskarewa; daga rarar nan zai ja ya cike giɓin.

In tagulla kake narkawa ka ga farin hayaƙi, tutiya ce ke gudu, don a digiri 907 take tafasa. Rage zuga, kuma kada ka shaƙa, yana sa zazzaɓi.

To yaya za a ƙarfafa jan ƙarfe ba tare da an gurɓata shi ba? Masaba. Dukan sanyi na iya kusan ninka ƙarfinsa, wutar da zai rasa kuma ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. A ganina babu ciniki mai riba kamar wannan a maƙera. Sai dai in dukan ya yi yawa zai fara tsagewa a gefe. Da ka ji ya ƙi miƙewa, mayar da shi wuta har ya yi ja kaɗan, ka tsoma a ruwa. Maƙerin baƙi zai ce ai ruwa taurara ƙarfe yake yi. Wannan ga baƙin ƙarfe ne. Jan ƙarfe da laushinsa yake fitowa. Ka dai tabbata dukan ƙarshe a sanyi ka yi shi, kuma kada ka sake kai shi wuta bayan nan.