Idan Taya Ta Leƙo, Ko Dole Ne a Yi wa Fenda Ƙari Kafin TÜV?

'Yan'uwa masu motoci a nan Jamus, musamman matasanmu masu son faffaɗan rim, tambayar nan ta yi yawa a garejin da nake aiki a Hamburg: "Oga, sai na sa robar bakin fenda kafin motata ta tsallake binciken TÜV?"

Doka ba ta ce kowa ya sayi roba ba. Abin da sashe na 36a na dokar StVZO ya nema shi ne kowace taya ta kasance da murfin da zai tare abin da take watsowa. Motar da ke nan yadda kamfani ya ƙera ta, fendarta ta wadatar, kada wani ya ci kuɗinka a banza. Rigimar tana tasowa ne ranar da ka canza rim, ko ka sa taya mai faɗi, ko ka cusa faifan nan da ke turo taya waje don motar ta yi tsayuwar ɗan dambe.

Ga yadda ma'aunin Tarayyar Turai yake ga ƙananan motoci. Daga tsakiyar taya a ja layi sama. Digiri 30 zuwa gaba da digiri 50 zuwa baya, duk faɗin tayar dole ya shige ƙarƙashin fenda. Bayan ya fi yawa ne saboda nan taya ke cilla tsakuwa da ruwa, kuma gilashin wanda ke biye da kai a Autobahn shi ke karɓa. Kafin ka je TÜV, ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, miƙe sitiyari, jingina rula a leɓen fenda ta sauko tsaye. In ta taɓa taya kafin ta wuce, to tayarka ta leƙo. Gwada gaba da baya, ba tsakiya kaɗai ba, domin fenda tana lanƙwasawa ciki ta ƙasa, nan ne mutane suka fi faɗuwa.

Wani bawan Allah ya kawo mana mota da robar da ya saya a intanet, an manna ta da gam, gefe guda har ya ɗago yana kaɗawa. Na sa yatsa ɗaya na ɓare ta. Mai binciken ma abin da zai yi ke nan, don yana duba ko ƙarin ya kafu sosai, ba shi da kaifi, kuma taya ba ta gogar sa in an karya kwana ko an yi lodi.

Ni a ganina, takarda ta fi robar muhimmanci. Kada ka biya kuɗin rim ko faifai sai ka ga takardar izinin ABE ko takardar gwajinsu, ka karanta ko sunan motarka na ciki. Sharuɗɗan da ke jikinta su ne za su faɗa maka ko sai an yi wa fenda ƙari, ko kuma sai an kai motar an rubuta canjin. Canjin da ba shi da izini yana iya soke izinin hawan motar kan titi, in kuma aka yi hatsari, kai da kamfanin inshora sai Allah.

Wanda aka mayar daga bincike yana da wata 1 ya gyara ya koma. In lokaci ya ƙure maka, mayar da rim ɗin asali ka je. Shi ya fi araha.