Yadda Ake Kafa HDFS a Kwamfuta Guda

An gina Hadoop, wadda Doug Cutting da Mike Cafarella suka assasa, don ajiyar bayanai a kan na'urori masu yawa. Rumbunta, HDFS, yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowacce megabait 128, ya ajiye kwafi uku na kowacce. Duk da haka ɗalibin da ke da laftof guda mai Ubuntu zai iya kafa shi ya koyi aikin tun daga tushe. Manhajar kyauta ce, sai dai saukar da ita na cin data sosai.

Da Java ake farawa. Hadoop 3.3 tana tafiya da Java 8 ko 11, don haka babu dalilin bin sabuwar fitowar Java. Sai a sauke Hadoop daga shafin Apache, a rubuta wurin Java a JAVA_HOME cikin hadoop-env.sh. A yi makulli da ssh-keygen, a zuba shi a authorized_keys, har umarnin ssh localhost ya shige ba tare da neman kalmar sirri ba. A core-site.xml, fs.defaultFS ya zama hdfs://localhost:9000. A hdfs-site.xml, dfs.replication ya koma 1, tunda na'urar ɗaya ce.

Ga inda yawancin masu koyarwa ke barin mutum a rana. In ba a faɗa mata ba, Hadoop tana zuba komai a /tmp, kuma Ubuntu na share wannan wuri idan aka sake kunna kwamfuta. Wuta ta ɗauke, batir ya mutu, aka kunna, NameNode, ɓangaren HDFS mai riƙe da lissafin fayiloli, ta ƙi tashi, duk lissafin fayilolin ya tafi. Maganin shi ne a buɗe folda biyu na dindindin a cikin gidan mai amfani, a nuna su da dfs.namenode.name.dir da dfs.datanode.data.dir, tun kafin a taɓa komai.

Sannan a buga hdfs namenode -format, sau ɗaya tak. Shawarar nan ta "in ta ƙi, sake fomat" ɓarna ce. Kowane fomat yana ba NameNode sabuwar lambar clusterID, ita kuwa DataNode, mai ajiye gunduwoyin fayil, tana riƙe da tsohuwar, sai ta mutu shiru, saƙon Incompatible clusterIDs yana kwance a fayil ɗin log. Wanda dole ta sa ya sake fomat, ya fara kwashe abin da ke foldar DataNode, ya kuma san bayanansa sun tafi.

Saura start-dfs.sh, sai jps. Sunaye uku ake nema: NameNode, DataNode da SecondaryNameNode. A burauza a buɗe localhost:9870. Duk jagorar da ta ce 50070, ta zamanin Hadoop 2 ce, gara a rufe ta a nemi wata.