An Sauya Giya Zuwa Manuwal, Burenbos Fa?

A aikina na rewaya, motocin da suka fi cin mini lokaci su ne waɗanda aka cire wa giyabos na otomatik aka ɗaura musu manuwal. Direbobin haya na son wannan sauyi, kuma ban ga laifinsu ba, don gyaran manuwal ya fi sauƙi, kayansa ma sun fi samuwa. Bakanike zai ɗaura giyabos, ya sa kuloci da fedarsa, a biya shi a tafi. Shi kuwa burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yana nan yana jiran saƙo daga giyabos ɗin da aka riga aka sauke.

A jikin otomatik akwai makunnin da ke gane inda sandar giya take. Shi ke hana sitata juyawa sai a P ko N, shi ke kunna fitilar ribas, shi ke sanar da burenbos ko mota na cikin giya. Da zarar ya bi tsohon giyabos mota ba za ta tashi ba, sai kawai a haɗe wayoyin sitata biyu a naɗe da salatif. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana murza makulli ba tare da taka komai ba, rana ɗaya zai murza mota na cikin giya, ta zabura, wataƙila yara na wasa a ƙofar gida. A bi da wayoyin nan ta makunni a fedar kuloci, yadda sitata ba za ta amsa ba sai an taka. Wayoyin fitilar ribas kuwa a kai su makunnin ribas na sabon giyabos.

Daga nan sai burenbos ɗin kansa. Idan ya nemi solenoyid ɗin sauya giya bai samu ba, zai kunna fitilar cek. Ka jona na'urar bincike a soket ɗin OBD mai fil 16, za ka ga irin su P0705 na makunnin giya, P0750 na solenoyid, ko P0500 idan an manta da sensar gudu. Wata motar silonta ba zai zauna ba, wata ta riƙa mutuwa duk lokacin da aka taka kuloci a mahaɗa, wata ta ƙi ja. A Peugeot 406 ma daga haƙoran filawil sensar kiranshaf ke karatu, saboda haka sai filawil ɗin da aka sa tare da manuwal ya dace da injin.

Sahihin gyara shi ne a nemo burenbos na manuwal mai lambar inji iri ɗaya, da wayarinsa, da makullinsa idan motar mai imobilaiza ce. In ba haka ba, a kai wa wanda zai iya sauya manhajar tsohon. Sababbin motoci kuwa, waɗanda kwamfutocinsu ke magana da juna ta wayoyin CAN guda biyu da aka murɗe tare, dabarar yanka da ɗauri ba ta aiki a kansu.

'Yan'uwana rewaya, don Allah mu daina cire ƙwan fitilar cek don mai mota ya ga dashbod fes. Gobe idan wani laifi ya taso a injin, babu abin da zai sanar da shi. Cin amana ne.

Kai kuma mai mota, kafin ka biya cikon kuɗi, ja birkin hannu, sa giya, murza makulli ba tare da taka kuloci ba: bai kamata sitata ta juya ba. Duba fitilar ribas. Tabbatar fitilar cek tana kamawa idan an buɗe makulli, tana kuma mutuwa bayan inji ya tashi. Idan ɗaya ya gaza, aiki bai ƙare ba, kada ka karɓi motar.