Daga Goronyo Zuwa Jidda: Yadda Za Ka Shirya Waya, Laftof da Fawa-bank Kada a Karɓe Su a Filin Jirgi

Duk shekara, da zarar an fara bitar maniyyata, shawara ɗaya ce ke zagaya majalisu daga Goronyo har Wurno da Rabah: wai ka naɗe fawa-bank ɗinka cikin zani, ka cusa shi can tsakiyar babbar jaka, ba mai gani. Mai faɗin haka bai taɓa leƙa allon na'urar binciken kaya ba. Zani ba ya ɓoye batir. A allon nan tufafi da ƙyar suke fitowa, batir kuwa curi guda yake bayyana, mai duhu, har da wayoyin cikinsa. Daga nan sai a kira sunanka a lasifika ka zo ka kwance jaka a gaban jama'a, ko a cire abin ba ka nan, ko jirgi ya tashi ya bar jakar.

Abin ya fi shafar mu mutanen gabashin Sakkwato, domin rashin wuta ya sa kowane gida ya tara kayan caji: fawa-bank ƙato, tocila, fanka mai caji, 'yar rediyo mai sola. Ko aikin Hajji za ka, ko Umara, ko Abuja kawai za ka leƙa daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ga yadda nake shirya nawa da na dattawan da nake rakawa.

Da farko, zazzage komai a tabarma

Kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba. Ware duk abin da ake yi wa caji gefe guda, wanda ake jonawa a bango kawai gefe guda. Caja, igiyoyi, soket mai baki da yawa, butar lantarki, dutsen guga, duk suna iya shiga babbar jaka. Mai batir kuwa jakar hannu zai shiga.

Fawa-bank da duk wani batirin da ba ya cikin na'ura, wannan doka ce, ba shawara ba: ba sa shiga jakar da ake aunawa a kai cikin cikin jirgi. Waya da laftof an yarda su shiga idan an kashe su ɗungurungum, amma ni ban taɓa ba wa kowa shawarar haka ba. Wanda ya ga yadda ake jifa da jakunkuna a kan amalanken kaya ba zai sa gilashi a ciki ba.

Dalilin dokar shi ne batirin lithium idan ya matsu ko ya huje ko ya yi zafi, da kansa yake kama wuta, yana ƙara hura kansa. In a wurin zaman fasinja ne, ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi, su kashe, su tsoma abin a ruwa. A ɗakin kaya ba kowa. A watan Satumban 2010 jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a kayan da ke ɗauke da irin waɗannan batura. A ranar 28 ga Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a ƙasa a Koriya ta Kudu kafin ya tashi, mutum 176 da ke ciki suka tsira, masu bincike kuma suka karkata ga fawa-bank da ke ma'ajiyar kaya ta saman kujeru. Tun daga nan kamfanoni ke ta ƙara matsawa.

Na biyu, lambar da ke bayan fawa-bank

Nan ne ake asara, don haka nan zan daɗe.

A kasuwa, ko ta Achida ce ko shagunan waya na cikin Sakkwato, da mAh ake ciniki. Mai shago zai ce maka wannan dubu ashirin ne, wancan dubu hamsin, ka ɗauki babba ya yi maka kwana uku. Jami'in filin jirgi ba ruwansa da wannan lissafin. Abin da yake nema shi ne Wh. Juya fawa-bank ɗin, ka fita da shi hasken rana, ka duba ƙananan rubutun nan masu launin toka da ke ƙasa ko a gefe. Za ka ga wani abu kamar 20000mAh, 3.7V, 74Wh. Ta ƙarshen ita ce taka.

Ƙa'idar da kamfanonin jiragen duniya ke bi hawa uku ce. Daga Wh 100 zuwa ƙasa, ka wuce da shi a jakar hannu. Tsakanin 100 da 160 sai da izinin kamfanin jirgi tun kafin ranar tafiya, kuma bai wuce guda biyu ba. Sama da 160 ba ya hawa jirgin fasinja, ko a hannu ko a jaka, ko wa ka sani.

In ba a rubuta Wh ba, ka yi lissafin da kanka: ninka mAh da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37. Mai 20,000 ya zama 74. Mai 27,000 ya tsaya a 99.9, shi ya sa kamfanoni ke son ƙera wannan girman, gab da iyaka yake. Mai 30,000 ya kai 111, ya shiga sahun masu neman izini. Mai 50,000, wanda 'yan caji da masu zuwa gona bakin dam suka fi so, 185 ne. Bar shi a gida, yara su mora. Kada ka yi lissafi da 5V ɗin da aka rubuta kusa da ramin caja. Wannan ƙarfin wutar da ke fita ne, ba na batirin ciki ba, kuma zai ba ka lambar da ta fi ta gaskiya girma har ka tsorata a banza.

Sai matsala biyu da suka fi damun kayanmu. Ta farko gogewar rubutu. Fawa-bank ɗin da ya shekara yana yawo a aljihu, da zufa da ƙurar hunturu, rubutunsa kan shuɗe. Wanda ba a iya karanta lambarsa, jami'i na da ikon hana shi wucewa, kuma rantsuwa ba ta maye gurbin lamba. Ranar da ka sayi sabo, ka manna farin salatif a kan rubutun. Naira nawa ne salatif? Ta biyu jabu. Akwai ƙanana marasa nauyi da aka buga wa 50,000 ko 80,000 don a ja hankalin mai saye, alhali cikinsu bai kai 10,000 ba. Jami'i ba zai fasa ya auna ba, abin da aka rubuta zai bi. Ka ga an cuce ka a kasuwa, an kuma karɓe a filin jirgi.

Ni dai mai 20,000 na Oraimo nake riƙewa, ko Anker in aljihu ya yarda. Yana cika waya sau uku ko fiye, ya isa Mina da Arfa in ba ka cika kallon bidiyo ba. Farashi kuwa kullum canzawa yake, ka taya a shago biyu kafin ka biya. Guda ɗaya mai kyau ya fi uku na banza, musamman yanzu da Emirates, tun 1 ga Oktoban 2025, ta ce guda ɗaya tak kowane fasinja zai shiga da shi, ƙasa da Wh 100, kuma ba a amfani da shi a cikin jirgi. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin su ma su sani: daga 28 ga Yunin 2025, fawa-bank marar tambarin CCC ba ya hawa jiragen cikin gida na ƙasar. Kowane kamfani da nasa ƙarin, don haka ka tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku ko wanda ya yankar maka tikiti.

Wanda ya kumbura, ko yake zafi ba dalili, ko aka ɗaure da roba, ba maganar lamba ma. Kada ya bi ka.

Fanka mai caji ita ce ke kawo gardama da iyayenmu mata. Wata dattijuwa da nake taya shiri ta rungume tata, wai ta ji labarin zafin Makka.

"Inna, wannan ta cinye rabin kilo takwas ɗin jakarki, kuma ba a rubuta komai a jikin batirinta ba."

"To ɗan nan, in narke ke nan?"

"A'a Inna. Ga 'yar ƙarama ta hannu, ga maficinki. Masauki akwai na'urar sanyi."

Ta yi ƙunƙuni, ta bayar. Babbar tocila da batirin sola ma a bar su a gida. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto da rediyon oba-oba kuwa, kada ka soma ɗaukarsu zuwa Saudiyya ba da takardar izini ba.

Na uku, toshe bakin batura

Batirin kyamara, na tocila, na tsohuwar waya, kowanne ka manna salatif a kan ƙarfen bakinsa, ka sa shi a ledarsa daban. Kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi.

Na huɗu, cika komai da caji

Jami'i na iya cewa ka kunna waya ko laftof ya gani, don ya tabbatar na'ura ce ta gaske. Wadda ta ƙi kunnuwa ana iya riƙe ta. Kada ka dogara da cewa za ka samu soket a sansanin alhazai, inda mutum ɗari ke layin rami ɗaya. Ka kai wa mai caji tun jajibiri. Tafiyar ma da rana ake yinta saboda halin da hanyarmu ke ciki, ga filin jirgin yana can ɗaya gefen birni, sai ka ratsa Sakkwato kafin ka kai. Maniyyaci kuma ya ajiye hoton fasfo, biza da katin Nusuk a wayar, ya riƙe kwafin takarda daban.

Na biyar, gaban na'ura

Laftof ya zama shi ne a sama cikin jaka, ba a ƙarƙashin garin kunu da yaji ba. Kafin layi ya zo kanka, ka zuge zif. Ciro shi daga rigarsa, ka kwantar da shi shi kaɗai a faranti, kada ka ɗora waya ko takalmi a kai. Ana ware shi ne don batirinsa da ƙarafan cikinsa suna tare wa na'ura ganin abin da ke ƙasa. Ba tsangwama ba ce. A watan Fabrairun 2016 an tayar da bam da aka ɓoye cikin laftof a jirgin Daallo bayan tashinsa daga Mogadishu, ya huda gefen jirgin. A Maris ɗin 2017 Amurka ta hana shiga da duk na'urar da ta fi waya girma a jiragen da ke zuwa can daga filaye 10, har da Jidda, Riyad, Alƙahira da Dubai, ta janye a Yulin shekarar. Wannan hanin ya wuce, mai ce maka har yanzu ba a shiga da laftof daga Jidda tsohon labari yake ba ka.

Waya, agogo, makulli, fawa-bank, su shiga faranti na biyu ko aljihun jaka mai zif. Igiyoyin caja ka naɗe su ka ɗaure. In suka cukurkuɗe da batura a allo, sai an buɗe jakar. Wata dabara: kada ka tura farantinka sai ka ga wanda ke gabanka ya wuce ƙofar bincike. In ya tsaya cire ɗamara da zobba, kayanka na can ɗaya gefen ba mai tsaro, kuma baƙaƙen laftof duk kamarsu ɗaya. Manna wa naka wata alama a murfi.

Idan aka ce za a duba, ka ce "Bismillah, Yallaɓai," ka buɗe da hannunka. Wani wuri za a goga ɗan ƙyalle a jikin na'urar a sa a inji, neman ɓurɓushin abin fashewa ake yi, minti ɗaya ne. Ɗaga murya ba ya dawo da fawa-bank. In an hana shi kuma mai rakiyarka bai tafi ba, roƙi a bar ka ka miƙa masa. Saboda haka nake ce wa 'yan rakiya kada su kama hanyar gida sai an kira su an ce an wuce.

Masu sayen laftof na hannu su lura: MacBook Pro mai inci 15 da aka sayar tsakanin Satumban 2015 da Fabrairun 2017, Apple ta yi kiranyen wasunsu a 2019 saboda batir, kamfanonin jirage kuma suka hana waɗanda ba a canza wa batir ba. Ana duba lambar na'urar a shafin kamfanin. Samsung Galaxy Note 7 kuwa tun 2016 aka hana ta hawa jirgi.

Na shida, saƙo

Wani zai zo da waya a kwali, an liƙe, ya ce don Allah ka kai wa ɗan'uwansa a Madina. In ka san shi, buɗe a gabansa, kunna, duba kwalin ciki da waje. In ba ka san shi ba, ko a harabar filin jirgi ya tare ka, ka ba shi haƙuri. Duk abin da jami'an NDLEA suka samu a ciki naka ne, hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kuma yana kaiwa ga kisa. Kunya ba ta da wuri a nan.

Na bakwai, bakin jirgi da cikinsa

Wani lokaci a ƙofar jirgi za a ce jakar hannunka ta yi girma, a karɓa a kai ƙasa. Kafin ka sake ta, ciro fawa-bank, batura da laftof. Mutane da yawa a nan suke karya dokar ba su sani ba.

A ciki, fawa-bank ya zauna a aljihun kujerar gabanka ko a jakar da ke ƙarƙashin ƙafarka, inda idonka ke kai. Tun watan Agustan 2025 hukumar NCAA ta ce a kashe waya gaba ɗaya lokacin tashi da sauka a jiragen Najeriya, sa ta a yanayin jirgi bai wadatar ba. In wayar ta zame cikin ramin kujera, kada ka motsa kujerar, za ta iya murƙushe batirin, kira ma'aikaci. In ka ji ƙauri ko na'ura ta yi zafin da ba ka saba ji ba, faɗa nan take.

Dawowa

Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Wahalar tana wajen tsaraba. Motocin wasan yara masu caji, tasbahar lantarki, 'yar na'urar karatun Alƙur'ani, abin turaren wuta mai caji, wayoyin da aka saya wa iyali, duk da batir a cikinsu, ga shi manyan jakunkunan alhazai kan riga masu su tafiya wurin awo. Ka sake zazzage komai a kan gado kafin a zo ɗauka: batirin da ke cirewa ka cire ya dawo jakar hannu, fawa-bank ɗin da ka saya a can ka duba lambarsa tun a shago, wanda zai shiga babbar jaka a kashe shi sosai a naɗe yadda maɓallinsa ba zai dannu ba. Ruwan Zamzam kuma kada ka ɗura shi a gora ka tura tsakanin kaya. Ana ganinsa a na'ura, a buɗe jaka a fitar, in kuma ya fashe a hanya wayoyin tsarabar ne za su fara sha. Lita 5 ɗinka ta hannun hukumar alhazai za ka karɓa bayan an sauka.