Yadda Ake Cire Murfin Gefen Babur Ba Tare Da An Karya Haƙorinsa Ba

Wasu daga cikin matasan da ke buɗe murfin gefen babur a yanzu ba gyaran inji ke kai su ba, cajar waya ce. Batirin babur na ba da bolt 12, wayar hannu na buƙatar bolt 5, don haka ake sayen ƙaramar caja mai USB a ɗaura ta kusa da kan babur, a ja wayar wutarta zuwa batir. Shi kuma batir, a babura irin su Bajaj Boxer, Jincheng da Haojue, yana ɓoye ne a bayan murfin gefe. A nan ake yin ɓarnar. Duk wanda ya tsaya a tashar 'yan acaɓa a Daura, ko ya duba baburan da ke shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, zai ga murafun da aka ɗaure da tsohon tayib ko igiya, wasu kuma babu murfin gaba ɗaya, batir a waje yana shan ƙura.

Abin da ke riƙe da murfin

Murfin ba a manne yake ba. Abubuwa uku ne ke riƙe shi, gwargwadon ƙirar babur: makulli ko sukuru ɗaya a ƙasa, haƙora na roba mai tauri a bayansa waɗanda ke shiga cikin zobban roba mai laushi da ke jikin firam, sai kuma wani harshe da ke zamewa ƙarƙashin tanki ko kujera. Haƙorin ana jan sa ne kai tsaye zuwa waje. Harshen kuwa zame shi ake yi, gaba ko baya. Wanda ya ja harshe kamar haƙori, ko ya lanƙwasa murfin daga kusurwa ɗaya alhali haƙorin yana can nesa, shi ne zai ji ƙas, kuma an gama.

Yanayin ƙasar Daura yana ƙara wa abin wuya. Ranar bazara, daga Maris zuwa Mayu, tana dafa roba har ta rasa laushinta. Ƙurar hunturu kuma tana shiga zobban ta busar da su, su kama haƙorin gam. Babur ɗin da ke zirga-zirga tsakanin Baure, Zango da Sandamu, ko mai bin hanyar Kongolam, zobbansa kan tsufa tun murfin yana sheƙi. Sannan roba ta fi saurin tsagewa da sanyi, saboda haka asubar Disamba ba lokacin wannan aiki ba ce. A bari rana ta ɗan taɓa babur ɗin tukuna.

Cirewa

A kafa babur a kan doguwar jak, a kashe shi, a zare makulli. Kafin a taɓa komai, a kunna fitilar waya a leƙa ta bayan murfin daga sama da ƙasa, a ƙirga haƙoran. Idan ido bai kai ba, a tura wayar ta ɗauki hoto. Wannan daƙiƙa talatin ɗin ta fi duk wata dabara amfani.

Daga nan a buɗe makulli ko a kwance sukuru. Sukudireban ya zama daidai da kan sukurun, a danna shi sosai kafin a juya. Baburan Japan irin su Honda, Yamaha da Suzuki suna da sukuru na ma'aunin JIS, wanda sau da yawa ake gane shi da ɗan ɗigo a kansa, kuma sukudireban Phillips na gama-gari yakan cinye kansa. Idan kujera ta danne saman murfin, a cire ta, kada a yi mata dabara.

Sai a sa yatsu a bayan murfin, daidai inda haƙorin yake, a ja a hankali ana ɗan girgiza shi. Haƙori ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ƙi fita, a ɗiga ruwan sabulu a kan zoben, a jira minti biyu. Ba a sa sukudireba a banƙare shi. In dole sai an sa wani abu, tsohon katin ATM ko robar da masu gyaran waya ke buɗe bayan waya da ita sun wadatar. Bayan haƙoran sun fita ne ake zame harshen. A ajiye murfin a kan tsumma, fentin yana kallon sama.

Mai haɗa caja ya fara cire kan batir mai alamar (-) kafin mai (+), ya sa fis a kan wayar wutar, kuma ya bi da ita ta jikin firam, kada murfin ya danne ta. Cajar da aka haɗa kai tsaye da batir tana iya shan wuta ko babur na kashe, shi ya sa ya fi kyau a ɗauko wutar daga layin da makulli ke kunnawa.

Zobba da mayarwa

A nan mutane da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya: su shafa baƙin mai ko giris a zoben don ya yi santsi. Man da aka samo daga fetur yana kumbura irin wannan roba, ya lalata ta, ga shi kuma yana tara yashi. Giris na silikon shi ne daidai, in babu shi ruwan sabulu ya isa. Zoben da ya tsage ko ya yi tauri kamar dutse a canja shi. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabon murfi ba, ballantana samun murfi mai kala ɗaya da tanki wani lokaci sai an aika Kano.

Wajen mayarwa, harshe ne farko, sannan a daidaita haƙora da zobba, a danna da tafin hannu a kan kowane haƙori. Ba a dukansa da dunƙule. Sukurun a ɗaure shi har ya zauna, a tsaya nan, domin ƙarin juyi ɗaya ne ke tsaga robar da ke kewaye da ramin. Fetur da man birki idan suka zuba a kan murfin a wanke nan take, suna cin fenti kuma suna raunana robar.

Idan haƙorin ya riga ya karye

A juya murfin a nemi rubutun da ke bayansa, >ABS< ko >PP<, idan masu ƙira sun sa. ABS yana narkewa da asiton: a jiƙa gutsattsarin tsohon murfin ABS a cikinsa har su zama kamar kunu mai kauri, a shafa a gindin haƙorin, a bar shi kwana guda. PP kuwa sufa gulu ba ya kama shi, duk yawan da aka zuba. Sai dai a narka shi da ƙarfen solda irin na masu gyaran waya, a cike da guntun PP, a nutsa 'yar siririyar wayar ƙarfe a ciki don ƙarfi, a wurin da iska ke kaɗawa saboda hayaƙin. Tsagar da ta fara tafiya kuma, a huda ƙaramin rami na milimita 2 a daidai ƙarshenta kafin a liƙe ta daga ciki, ramin ne zai hana ta ci gaba.