Eve Muirhead da Wasan Tura Dutse a Kan Ƙanƙara

Kalin wasa ne da ya samo asali a ƙasar Sikotilan, inda tun ƙarni na 16 mutane ke tura duwatsu a kan tafkunan da sanyin hunturu ya daskarar. A yau ana yin sa ne a cikin rufaffen zaure, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 45, tsakanin ƙungiyoyi biyu masu 'yan wasa huɗu-huɗu. Kowane dutse ya kai kusan kilo 20, kuma mafi yawansu daga tsibirin Ailsa Craig ake faso su. Ɗan wasa yakan durƙusa ya saki dutsen yana ɗan murɗa mariƙinsa, sai abokansa biyu su bi shi da tsintsiya suna goge gabansa da sauri, domin gugar tana ƙara wa ƙanƙarar santsi, dutsen ya ƙara nisa. Ƙungiyar da dutsenta ya fi kusa da tsakiyar da'irar da ake kira gida ita ke cin maki.

An haifi Eve Muirhead a birnin Perth a 1990, kuma gadon wasan ta yi, domin mahaifinta Gordon sanannen ɗan kalin ne. Sau huɗu ta ci kofin duniya na matasa. Tana da shekara 19 ta jagoranci matan Birtaniya a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, a matsayin sikif, wato shugabar da ke tsara dabara, wadda kuma galibi ita ke tura duwatsun ƙarshe, waɗanda nasara ko faɗuwa ta rataya a kansu. A 2013 ta ci kofin duniya na manya a Riga, a 2014 kuma ta samu tagulla a Olamfik ta Sochi.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka fi nuna ƙarfin halinta. A Olamfik ta 2018 dutsenta na ƙarshe ya kuskure, Japan ta ɗauke tagullar, kuma a wannan shekarar aka yi mata aikin ƙugu. A 2021 ƙungiyarta ba ta taka rawar gani ba a gasar duniya, har sai da ta bi ta wata gasar share fage a Holan kafin ta samu gurbin zuwa Olamfik ta Beijin. A can, a 2022, da ƙyar suka haye zagayen farko, suka doke Suwidin da 12 da 11 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan suka lallasa Japan da 10 da 3 a wasan ƙarshe. Wannan ce kaɗai zinariyar da Birtaniya ta samu a gasar, shekara 20 bayan wadda ƙungiyar kalin ta Rhona Martin ta ci wa ƙasar. A watan Agustan 2022, tana da shekara 32, ta sanar da yin ritaya.